Dala Ashirin Ko Ɗari? Yadda Malamai Tara Suka Kafa Rukunin Aiki Cikin Sandikarsu A Damagaram

Wata safiyar Talata, a ajin CE1 da nake riƙe da shi a wata makaranta ta bayan gari, na rubuta lissafi a tabulo da Faransanci: uwa ta ba ɗanta 100 F, ya sayi ƙosai na 25 F, nawa ya rage? Aji ya yi tsit. Ganin yara sun zuba mini ido, sai na juya tambayar zuwa Hausa, kamar yadda kowane malami yake yi in darasi ya cije. Na ce, "Inna ta ba ka ɗari, ka sayi ƙosan ashirin da biyar, nawa ya rage?"

Wata yarinya da ke tallan ƙuli-ƙuli da marece ta ɗaga hannu tun ban rufe baki ba. Ta ce, "Mushe, saba'in da biyar." Na ji daɗi, na ce ta taso ta nuna wa ƴan'uwanta da kuɗin kwali da muke koyon ciniki da su. Sai ta ɗauko 500 F ta ce ga ɗarin. Ta ware 125 F ta ce ga na mai ƙosai, ta miƙo mini 375 F canji.

Yarinyar ba ta yi kuskure ko na tamma ɗaya ba. A kasuwarmu da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa 5 F ce. Don haka 100 F dala ashirin ce, ɗari ita ce 500 F, jika kuma 1000 F. Na rubuta abu ɗaya a tabulo, na faɗi wani da baki, ita kuma ta bi abin da kunnenta ya ji. Kuskuren nawa ne.

Lokacin shan iska na ba abokan aiki labari a gindin dogon yaro. Aka yi dariya, sannan kowa ya fito da tasa dabarar. Wani ya ce shi "tamma ɗari" yake cewa, wata ta ce "faran ɗari", wani kuma "sefa ɗari". Da aka zo kan lambar da ake ɗauka a kai layi na gaba wajen tarawa, wannan na cewa "na riƙe ɗaya", wancan "na ajiye ɗaya", waccan "ɗaya a kai". Ke nan yaron da ya shiga CI ya fita a CM2 zai iya ratsa hannun malamai shida, kowa da nasa sunan ga abu guda. A makaranta ɗaya ke nan, ina ga jaha baki ɗaya?

Magana ce tsohuwa

Koyarwa da harshen gida ba yau aka fara zancenta a Nijar ba. Tun 1966, a taron da UNESCO ta shirya a Bamako, aka zauna kan haruffan rubuta wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a nan Damagaram. Dokar ilimi ta 1998, wadda malamai suka fi sani da LOSEN, ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa da ta wasu harsuna huɗu, wadda ta sa muke rubuta ƴ mai lanƙwasa inda ƴan'uwanmu na Najeriya suka fi rubuta 'y. Cibiyar INDRAP ta Yamai kuma ta daɗe tana shirya littattafan makaranta, ciki har da na harsunan ƙasa. Sai ga shi a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki.

Sai dai malami irina, da ke makarantar da ba ta cikin masu harshe biyu, da Faransanci yake shirya darasi, da Hausa kuma yake ceto shi in ya nutse, kuma Hausar tasa ba a rubuce take a ko'ina ba. A makarantar horar da malamai an koya mana tsara darasi daki-daki, amma ban tuna ranar da muka zauna kan yadda za a faɗi sifiri ga yaro ɗan shekara bakwai ba. Zaman CAPED, inda malaman makarantun da ke kusa da juna suke haɗuwa don ƙara wa juna sani, yana da nasa jadawali da nasa batutuwa. Wurin da na ga malamai sun fi cika da son ransu shi ne taron sandikarmu. Can na kai maganar.

Kwamitin da ya mutu a zanen goyo

A babban taron reshe, bayan an gama zancen albashi da na ƙarin girma, aka zo kan batutuwa daban-daban. Na miƙe na ba da labarin yarinya mai ƙuli-ƙuli, na ce me zai hana mu kafa kwamiti da zai daidaita kalmomin da muke koyarwa da su. Lokacin maganar sabon kundi tana da ɗumi, zaure ya ɗauki tafi. Nan take aka zagaya da takarda, mutum sama da arba'in suka rubuta suna.

A zaman farko sai da muka kwashe awa biyu kan rabon muƙamai. Aka zaɓi shugaba da mataimaka biyu, sakatare da mataimakinsa, ma'aji, mai binciken kuɗi, har da mai hulɗa da ƙungiyoyin waje. Sauran lokacin ya tafi kan sunan da za a raɗa wa kwamitin. Muka tashi ba a taɓa kalmar lissafi ko ɗaya ba. A zama na biyu mutum goma sha ɗaya suka zo, tambayar farko da aka yi kuwa ita ce, "Wace ƙungiya ce za ta ɗauki nauyi, kuma nawa ne kuɗin zama?" A na uku mu uku ne da butar shayi. Daga nan zafi ya shigo, jarrabawa ta matso, hutu ya zo, kowa ya nufi gona.

Ban ga laifin kowa ba. Malamin kwantaragi da ke jiran albashi, in ka ce ya hau kabu-kabu daga ƙauye ya zo gari da kuɗin aljihunsa, dole ya tambayi abin da zai koma da shi. An kuma saba, duk inda aka ce zaman bita akwai ɗan abin sawa a aljihu. Amma babban ciwon, mutum arba'in ba su da aiki guda da za a ce wane ne zai yi shi ranar kaza. Dambu ne ya yi yawa, bai ji mai ba.

"Ƙanena, zauna"

Da aka koma makaranta a watan Oktoba na je wurin sakataren reshe da niyyar farfaɗo da kwamitin. A raina na riga na yanke cewa biro, wato shugabannin reshe, su ne suka ƙi ba mu goyon baya. Ya bar ni na gama zuba, sannan ya ce, "Ƙanena, zauna. Tun kana lakwal nake cikin wannan sha'ani."

Ya ce da farko sandika don kare haƙƙin malami aka kafa ta. Mutumin da yake bin bashin wata biyu in ya ji shugabanninsa suna zaman sifiri da alwatika, zai ce an sayar da shi. Na biyu, zaɓen biro ya kusa, sai ga kwamiti mai shugaba da ma'aji da mutum arba'in a bayansa. "Kai a zuciyarka lissafi ne," in ji shi, "amma mai kallo daga nesa biro ya gani cikin biro. Ba a sarki biyu a gari ɗaya." Na uku, da mai hulɗa da waje ya rubuta wa wata ƙungiya takarda da sunan sandika, kuɗi suka shigo suka yi ƙafa, wa za a kira? Shi za a kira.

Daga nan ya yi mini tambayar da ta kashe mini baki: "Me za ku kawo mini in riƙe a hannuna, kuma yaushe?" Wata shida ina maganar kwamiti, amma ban taɓa tambayar kaina wannan ba.

Takarda mai shafi ɗaya

Mako biyu muka yi, ni da wata malama mai riƙe da CP, muna rubutawa muna gogewa, har muka fito da takarda mai shafi ɗaya. Mun ajiye kalmar kwamiti, muka ce rukunin aiki. Aikinsa guda ne: tattara kalmomin lissafi na Hausa daga CI zuwa CE1, a gwada su a aji, a rubuta su cikin ɗan littafi. Ba karatu, ba kimiyya, ba manyan azuzuwa. Wa'adinsa wata huɗu. Mutanensa kada su wuce goma. Babu shugaba, babu ma'aji, sai mai riƙe da kaye. Mutum ɗaya daga biro zai zauna da mu, ya ɗauki aiki kamar kowa. Rukunin ba zai yi magana da kowa a waje da sunan sandika ba, duk takardar da za ta fita ta hannun biro za ta bi. Ranar da wa'adi ya cika za mu kai rahoto gaban babban taro, daga nan rukunin ya rushe, sai in taron da kansa ya ce a ci gaba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ni kaina da ƙyar na haɗiye shi. Yaya za ka gina abu kana rubuta ranar rushe shi? Malamar ta ce, "Mushe, matar da ta san adashi wata huɗu ne ta fi saurin shiga a kan wadda aka ce mata har abada." Haka kuwa aka yi. Sharaɗin ne ya kwantar wa biro hankali, shi ne kuma ya sa masu iyali suka yarda su ba da lokacinsu.

A bayan takardar muka zana jadawali irin wanda kowane darakta ya sani daga kwamitocin COGES, waɗanda aka yaɗa a makarantun firamare na ƙasa tun 2005: aiki, wanda zai yi, ranar gamawa, abin da zai ci. Sakatare ya karanta sau biyu, ya gyara kalma ɗaya, ya kai wa biro, suka sa hannu.

Kuɗin shiga: shafi ɗaya

A wannan karon ba mu zagaya da takarda a zaure ba. Gida-gida muka bi, makaranta-makaranta. Duk wanda ya nuna sha'awa sai mu ce ya rubuto shafi ɗaya na kalmomin da yake amfani da su a ajinsa, ya kawo cikin mako guda. Goma sha huɗu suka yi alkawari, bakwai suka kawo. Da ni da malamar muka cika tara. Ba a kori kowa ba, ba a kuma yi rigima da kowa ba, shafin ne ya tace mana mutane.

Cikinmu akwai mata huɗu, dukansu masu riƙe da ƙananan azuzuwa, inda matsalar ta fi zafi. Akwai malamin makarantar faranko-arab, akwai Bazabarme ɗan jahar Doso da aiki ya kawo shi nan, akwai Babarbare ɗan wajen Gure, sai wakilin biro. Muka kuma roƙi izini wani dattijo mai ritaya, wanda ya koyar a makarantun gwaji tun muna yara, ya riƙa zama da mu a matsayin baƙo. Ranar farko ya zo da tsoffin littattafan lissafi na Hausa da ya ciro daga adakarsa, gara ta ci gefen wasu. Da yawa cikinmu ranar muka fara ganin irinsu.

Da farko bayan la'asar muka sa zaman. Sau biyu mata ba su cika ba, har na fara ƙorafi. Sai ɗayarsu ta ce, "Mushe, kai in ka tashi daga nan tuwo za ka tarar a rufe. Ni kuwa in na tashi, ni ce zan tuƙa shi." Muka maida zaman ranar Asabar da hantsi, daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya, mako biyu-biyu, yau a makarantar wannan gobe a ta wancan, don kada nisa ya zauna kan mutum ɗaya. Kowa yana ba da dala hamsin na shayi da hotokofi, a kashe su a ranar, a rubuta a shafin ƙarshe na kaye. Kuɗi ba su taɓa kwana a hannun kowa ba, saboda haka ba wanda ya taɓa zargin wani.

Kalma sai ta kwana a aji

Kayen namu an tsaga kowane shafinsa gida biyar: kalmar Faransanci, abin da malamai ke cewa, abin da yara da ƴan kasuwa ke cewa, abin da muka zaɓa, sai abin da aji ya nuna. Muna duba ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, da littattafan Baba mai ritaya. Amma doka ɗaya muka kafa wadda ta fi ƙarfin kowane littafi a wurinmu: kalma ba ta shiga sai malamai biyu sun gwada ta mako biyu a azuzuwa daban-daban. Wannan doka ta kashe gardama da yawa. In mutum biyu sun kafe, sai a ce kowa ya kai tasa aji, yara su raba.

Haka aka raba gardamar "riƙo" da "ajiya". Malaman da suka gwada sun dawo da labari ɗaya: yaro in ya ce ya ajiye ɗaya, yakan tuna ya koma ya ɗauko, don ya san ajiya abin komawa ce. Muka ɗauki ajiya.

Sifiri ta fi ba mu wuya. Da yawanmu mun saba ce wa yara zero "ba komai" ce. To yaron da aka gaya wa abu ba komai ba ne, me zai sa ya wahalar da kansa rubuta shi? Shi ya sa in ka ce ya rubuta 105 sai ya rubuta 15. Malamin faranko-arab ya kawo "sifiri", ya ce daga Larabci take, kuma dattawa sun san ta. Suna ya samu, saura bayani. Wata malama ce ta zo da shi bayan mako biyu. Ta ce ta tambayi yaranta, in mace ta je famfo ta tarar da layi, ta ajiye jarkarta ta tafi, akwai ruwa cikin jarkar? Suka ce babu. To za a iya ture ta a hau wurinta? Suka ce a'a, faɗa za a yi. Ta ce to sifiri jarka ce da ba ruwa, amma tana riƙe da layi. Baba mai ritaya ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ƴata, shekara talatin na koyar, wannan bai taɓa zo mini ba."

Kan siffofi kuwa da Baba aka yi ta. Shi yana son a fara da "alwatika" da "murabba'i" tun CP, ya ce harshe yana da kalmominsa, kada a raina wa yaro hankali. Matan suka ce yaransu ba su taɓa jin su a gida ba. Aji ya nuna kowa yana da rabin gaskiya: a CP a ce "mai kusurwa uku", yaro ya ƙirga da yatsa, a CE1 a ba shi sunan alwatika, lokacin ya riga ya san abin da ake raɗa wa suna.

Sai maganar da ta haifi rukunin, wato kuɗi. Muka tsaya kan cewa duk lambar da aka rubuta da F, "tamma" za a ce, kuma malami ba zai taɓa cewa "ɗari" tsurarta ba, sai ya faɗi tamma ɗari ko dala ɗari. Muka kuma shirya darasi guda na juya dala zuwa tamma. Abin da ya fito daga nan ya ba mu mamaki: darasin ya zama ƙofar koyon ninkawa da biyar, yara masu talla, waɗanda a da suke zaune a baya, su ne suka riƙa jan aji.

Inda aka kusa watsewa

Ba kullum aka tashi ana dariya ba. A zama na uku malamin Gure ya ajiye bik ɗinsa ya ce, "Ku dakata. A makarantar da na baro, rabin yarana ba Hausa suka sha a nono ba. Wannan littafi na wa ne?" Ɗaki ya yi nauyi, domin tun fitowar sabon kundi maganar harshe ta zama abin da ake taka-tsantsan da shi, kuma sandika ta kowa ce. Wani ya fara cewa ai takardarmu Hausa ta ce. Wakilin biro ya tare shi ya ce a bar mutum ya gama. Daga ƙarshe muka ƙara gida na shida a kowane shafi, na sauran harsuna. Malamin Gure ya cika nasa da Barbarci, ɗan Doso ya cika da Zabarmanci, ya kuma gaya mana su ma da dala suke ƙirga kuɗi, ke nan ramin da na faɗa yana jiran malami a can ma. Ba don malamin Gure ya yi magana ranar ba, da ya daina zuwa ne shiru, mu kuma mu ce lalaci ne.

Akwai kuma wanda sau biyu ya zo ba tare da aikinsa ba. Wasu suka ce a cire sunansa. Baba ya ce a bar masa. Ya je har gida, ya tarar mahaifin mutumin ne kwance ba lafiya, shi ke jinya. Aka raba aikinsa biyu, wata ta ɗauki rabi, ya dawo ya gama sauran.

Ana tsakiyar aiki aka yi wa mai riƙe da kaye canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye a wajen Magariya, kayen kuma ya bi shi cikin kaya. Mako uku muka yi muna jiran mai mota ya kawo. Tun daga nan kaye biyu muke rubutawa, kuma a ƙarshen kowane zama sai an ɗauki hoton shafukan da waya.

Ni ma ban tsira ba. Saboda ni na kawo maganar, sai na riƙa jin kamar abin nawa ne. In wani ya yi jinkiri sai in yi aikinsa da dare in kawo, in wata ta rubuto shafi sai in sake shi yadda nake so. Rannan bayan an tashi wakilin biro ya ja ni gefe ya ce, "Malam, in kai kaɗai za ka yi, rubuta littafinka ka sa sunanka, ba wanda zai hana ka. Amma in rukuni ne, bar mutane su yi nasu ko da bai kai naka kyau ba." Maganar ta yi mini zafi, na kwana da ita. Da na duba sai na ga mutum biyu sun riga sun fara ja da baya, don sun ga ko sun yi ko ba su yi ba aiki zai fito. Na je na ba su haƙuri.

Minti goma sha biyar

Ranar babban taro zancen bashin albashi ne ya cinye safiya, kamar yadda ya kamata. Mu aka ba mu minti goma sha biyar a ƙarshe, mutane har sun fara neman takalma. Ba ni na yi magana ba. Malamar nan ce ta fito da jarkoki uku ta jera a gaban zaure, ɗaya ba ruwa, ta koyar da 105 kamar tana gaban yaran CE1. Waɗanda suka miƙe suka koma suka zauna. Muka raba ɗan littafin da muka buga da hotokofi, kwafi ɗaya ga kowace makaranta.

Wani malami ya ɗaga hannu ya ce, "Wa ya ba ku izinin ƙirƙiro wa ƙasa kalmomi?" Tambaya ce mai kyau, kuma sakatare ne ya amsa ta. Ya ɗaga takardar nan mai shafi ɗaya ya ce biro ne ya ba da izinin aikin, ga sa hannu. Ya ce tsayar da kalmomin koyarwa na ƙasa hurumin ma'aikatar ilimi ne da masananta, wannan kuwa abin taimakon malami ne a ajinsa, wanda ya ga dama ya ɗauka, kuma biro zai miƙa kwafi ga masu kula da aikin koyarwa na yankinmu su duba. Mutumin da na ɗauka shi ne ya tare mana hanya, shi ne ya tsaya mana.

Aka kaɗa ƙuri'a, taro ya amince a kafa sabon rukuni na CE2, da sabuwar takarda da sabon wa'adi. Huɗu daga cikinmu suka ce sun gaji, aka yi musu godiya, ba wanda ya ji kunya, don wata huɗu suka yi alkawari kuma sun cika. Wasu huɗu suka kawo shafinsu suka shiga. Kaye yanzu yana hannun malama mai jarka. Kafin a watse wasu malamai mata suka nemi kwafin takardar tamu, suna son kafa nasu rukunin kan ƴan mata da ke barin makaranta kafin CM2. Sakatare ya yi musu tambayar da ya yi mini: me za ku kawo, kuma yaushe?

Littafin namu ƙarami ne, akwai kuma kalmomin da har yanzu ba mu gamsu da su ba, mun bar gidansu a buɗe. Bai biya wa kowa bashin albashi ba, bai ƙara tebur ko ɗaya a aji ba. Abin da ya canza shi ne, a makarantun da suka karɓe shi, yaron da ya tashi daga CP zuwa CE1 zai tarar da ajiya tana nan ajiya, sifiri tana nan sifiri.

Makon jiya na bi ta bakin kasuwa da marece, na tarar da yarinyar nan, yanzu tana CE2, da tirenta a ka. Na ce ta ba ni ƙuli-ƙuli na ɗari. Ta sauke tiren, ta dube ni ta ce, "Mushe, tamma ɗari ko dala ɗari?"